Baƙin Gilashi Daban, Sanyi Daban: Abin Da Masu Mota A Mafara, Bakura Da Maradun Ya Kamata Su Sani Kafin Manna Leda

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zafi a yammacin Zamfara yakan haura digiri 40 ko a inuwa. Motar da aka ajiye a filin Allah tun hantsi, kafin azahar sitiyarinta ba ya taɓuwa, ƙarfen bel ɗin kujera kuwa sai ka ce daga murhu aka zaro shi. Direban da ya taso daga Gusau zuwa Talata Mafara bayan la'asar ya san wata azabar daban: hanyar ta nufi arewa maso yamma, don haka rana tana zuwa masa ta gaba da ta hagu, daidai gefen da yake zaune, har ya iso.

An auna wannan zafi a wuraren da yanayinsu ya yi kama da na nan. A 2018 masu bincike a jihar Arizona ta Amurka sun ajiye motoci a rana na awa ɗaya a ranakun da zafi ya kai kusan digiri 38. Iskar cikin motocin ta kai digiri 47, sitiyari 53, saman dashbod kuwa 69. Wani binciken da aka buga a 2005 ya nuna cewa cikin awa ɗaya zafin cikin mota yana ƙaruwa da kusan digiri 22 a kan na waje, mafi yawan ƙarin a rabin awar farko yake faruwa, kuma barin 'yar ƙofa a saman gilashi ba ya canza komai sosai. Ga mai ajiye waya ko fawa bank a gaban mota, kamfanin Apple ya ce kada a ajiye iPhone a wurin da zafinsa ya wuce digiri 45. Batiran sauran wayoyi ma iri ɗaya ne da nata.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga mai mota ya nufi wurin masu manna leda a gilashi, ya ce a sa masa wadda ta fi kowace baƙi. A tunaninsa, iya baƙi iya sanyi. Wannan lissafin yana da gyara, kuma a Zamfara kuskurensa ba a kuɗin leda kaɗai yake tsayawa ba, domin baƙin gilashi a jihar ya daɗe da zama batun tsaro.

Zafin da ido ba ya gani

Ƙarfin rana da ke isowa ƙasa kashi uku ne. Akwai hasken da ido ke gani, wanda ya ɗauki kashi 40 da 'yan kai cikin 100. Akwai infirared, wanda ido ba ya gani amma fata tana jin sa a matsayin zafi, shi ne ya ɗauki fiye da rabi. Sai UV, wanda bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba, amma shi ne kan gaba wajen kashe launin kujeru, da tsattsaga dashbod, da cutar da fata da ido.

Ledar da aka rina baƙa kawai, aikinta a kan kashin farko yake. Tana rage hasken da ido ke gani, sai cikin motar ya yi duhu, ido ya huta, mutum ya ɗauka an gama. Amma mafi yawan infirared yana wucewa ta cikinta kamar ba ta nan. Wanda ta tare ɗin ma ba mayar da shi waje take yi ba, shanye shi take yi, gilashin ya yi zafi, wani kaso ya sake komawa cikin motar. Idan mota tana gudu iska tana kwashe wannan zafin daga jikin gilashi. Idan tana tsaye a tasha tana jiran fasinja, babu mai kwashewa.

Batun UV kuma yana da wani abin lura. Gilashin gaba faifai biyu ne da aka haɗa da roba a tsakiya, kuma wannan robar tana tare kusan dukkan UV tun daga kamfani. Gilashin ƙofa a yawancin motoci faifai ɗaya ne. Wani likitan ido a Amurka, Brian Boxer Wachler, ya auna motoci 29 ya buga sakamakon a 2016: gilashin gaba yana tare kashi 96 na nau'in UV mai ratsa gilashi, na ƙofar direba kuwa kashi 71 kacal a matsakaici. Ke nan hannun hagu da kuncin hagu na direban haya su ne ke shan abin da ya rage, shekara da shekaru. Leda mai kyau tana tare kashi 99 na UV, kuma tana yin haka ko da fara ce tas, domin sinadarin da ke wannan aikin ba shi da launi.

Leda iri huɗu

Duk ledar gilashi daga roba mai suna foliyesta ake yin ta, faifai a kan faifai, da gam a gefe ɗaya, da wani shafi mai tauri a ɗaya gefen don rage karce. Tun 1966 kamfanin 3M ya yi rajistar fasahar. Bambancin yana cikin abin da aka sa a tsakiya.

Ta farko ita ce mai rini, wadda aka yi bayani a sama. Ita ce mafi arha, ita ce kuma ta cika kasuwa. Ita ce ake gani a jikin tsofaffin Golf da Sharon ta koma ruwan goda tana kumbura kamar ƙuraje. Dalilin canza launin shi ne baƙin rinin haɗin launuka ne, rana tana fara cinye ruwan ɗorawar da ke ciki, sai ja da shuɗi su rage. Kumburin kuma gam ne ya gaji ya saki. A rana irin ta wannan yanki, shekara ɗaya ko biyu sun isa a fara ganin alamun.

Ta biyu mai ƙarfe ce. Ana fesa mata ƙarfe siriri ƙwarai, irin su alminiyam, sai ta riƙa mayar da rana kamar madubi. Wajen zafi tana aiki da gaske, launinta kuma ba ya saurin mutuwa. Matsalarta ita ce ƙarfe yana raunana siginar waya da ta GPS da ta rediyo. A tsakiyar Gusau inda sabis ya cika, mai yiwuwa ba za a lura ba. A hanyar Maradun ko ƙauyukan Bakura inda waya ke fama da sanda ɗaya, rasa wannan sandar babbar asara ce, balle a yankin da kira ɗaya kan iya sa mutum ya juya kafin ya faɗa hannun miyagu. Ga wanda ya sa wa motarsa na'urar bin sawu don gudun sata, wannan ledar ba tasa ba ce.

Ta uku mai kabon ce: baƙa marar sheƙi, ba ta komawa ruwan goda, ba ta taɓa sigina, kuma ta fi mai rini rage zafi. Ta huɗu ita ce seramik, wadda aka cusa wa ƙananan ƙwayoyi da ke kama infirared su bar haske ya wuce. A wannan rukunin na sama akwai kuma irin su Crystalline ta 3M, wadda ba ta da ƙarfe, an jera mata siraran faifai sama da 200 a kaurin da bai kai na takarda ba. Waɗannan ne ke iya zama kusan farare amma su rage zafi kamar baƙar leda mai rini, ko su fi ta. Tsadarsu ta ninka ta mai rini sau da yawa, kuma a nan ne jabu ya samu ƙofa, domin rubuta sunan seramik ko LLumar ko SunTek a jikin kwali ba ya cin ko sisi.

Motocin Kwatano irin su Sienna da Highlander da ke zuwa da baƙin gilashin baya, nasu ba leda ba ce. Launin a cikin gilashin aka narka shi, ba ya ɓarewa, ba ya kumbura. Yana ɓoye na ciki, amma ba a yi shi don ya yi gogayya da seramik wajen zafi ba.

Lambobi uku, da yadda waya za ta taimaka

A jikin kwalin leda ta gaskiya akwai lambobi uku da ya kamata mai saye ya nema. VLT shi ne yawan hasken da ke wucewa. Leda mai lamba 5 kashi 5 kawai take bari, ita ce baƙa ƙirin. Mai lamba 35 tsaka-tsaki ce, mai 70 kuwa da ƙyar a gane an manna wani abu. Sai dai gilashin mota shi kansa ba ya barin haske duka, yawanci kashi 75 zuwa 80 yake bari. Don haka ninkawa ake yi: leda mai 35 a kan gilashi mai 80 tana ba da 28, mai 5 kuma tana ba da 4.

IRR shi ne yawan infirared da aka tare, kuma a nan 'yan talla suka fi yin wasa da hankali. Sau da yawa ana auna shi ne a ɗan ƙaramin yanki na infirared inda ledar ta fi ƙarfi, sai a buga 95 ko 99 da manyan haruffa. Fitilar zafi da wasu shaguna ke haskawa a hannun mai saye ita ma haka take: kusan duk abin da take fitarwa infirared ne, rana kuwa ba haka take ba. Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce TSER, wato jimillar ƙarfin rana da aka hana shiga.

Ana iya kama maƙaryaci da lissafin firamare. Idan hasken da ake gani ya ɗauki kusan kashi 44 na ƙarfin rana, ledar kuma tana barin kashi 70 na wannan hasken, to aƙalla kashi 30 na ƙarfin rana ya riga ya shiga ko da ta tare infirared baki ɗaya. Ke nan farar leda ba za ta taɓa tare kashi 90 na zafi ba, komai abin da kwali ya ce. Masu kyau a cikinsu kusan rabi suke tarewa. Wannan lissafin yana kuma nuna cewa duhu ba banza ba ne: idan leda biyu iri ɗaya ne, mai duhun za ta ɗan fi rage zafi. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗauki duhu a matsayin ma'auni, a sayi baƙa mai rini a bar fara mai seramik.

Kusan kowace wayar Android tana da ɗan idon da ke auna haske don daidaita hasken fuskarta, kuma akwai manhajoji kyauta da ke nuna abin da idon yake karantawa. A sauke gilashi a auna, a ɗaga gilashin a sake aunawa ba tare da an motsa wayar ba, a raba lamba ta biyu da ta farko. Sakamakon ba zai kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ya isa ya tona asirin ledar da aka ce 50 ce alhali 20 ce. Don gwada infirared, a riƙe rimot ɗin talabijin a bayan guntun ledar, a danna, a kalle shi ta kyamarar gaba ta waya. Idan ƙyallin rimot ɗin yana nan tar kamar babu komai a tsakani, mai rini ce, ko me aka rubuta. Idan ya dushe, alama ce mai kyau, amma wuri ɗaya kawai aka gwada a cikin faɗin infirared. Gwajin sigina ya fi su sauƙi: a naɗe waya a cikin guntun leda a duba ko sandunan sun ragu.

Abin da doka ta ce

Dokar tarayya da ta hana baƙin gilashi tun 1991 take, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Ta hana duk wani rini ko shafi da zai sa a kasa ganin mutane ko kayan da ke cikin mota, sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma dalilai biyu ta amince da su: lafiya ko tsaro. Hukuncin shi ne tarar naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wanda ya sayi mota ko ya shigo da ita da irin wannan gilashi, kwana 14 dokar ta ba shi ya gyara. Ba ta sa lamba ba. A Birtaniya doka ta ce gilashin gaba ya bar kashi 75 na haske, na ƙofofin gaba kashi 70, kuma da na'ura ake aunawa. A Indiya kotun ƙoli ta hana manna leda kwata-kwata a 2012. A Najeriya ma'aunin shi ne idon jami'in da ya tsayar da mota.

A watan Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da izinin saboda taɓarɓarewar tsaro. A 2025 Kayode Egbetokun ya sake buɗe shi ta shafin intanet na POSSAP, inda ake cike bayanai da lambar NIN da takardun mota, a biya kuɗi, sannan a je a duba motar a ɗauki hoton yatsu. An ɗage ranar fara kame har zuwa 2 ga Oktoba 2025. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta kai ƙara, a wata ƙarar daban kuma babbar kotun tarayya da ke Warri ta ce kowa ya tsaya inda yake, 'yan sanda kuma suka sanar da dakatar da kamen a cikin watan.  Dokar 1991 ba a soke ta ba.

Zamfara tana da nata ƙarin. A 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu a kan umarnin da ya hana amfani da baƙin gilashi da rufe lambar mota a jihar, tare da taƙaita sayar da man fetur, duk don toshe hanyoyin da kaya ke bi su isa daji. Mai mota da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ko ya ratse a Lambar Bakura, ko ya nufi Maradun, zai wuce shingayen sojoji da na 'yan sanda da na Askarawan Zamfara. Jami'in da ke tsaye a irin wannan shinge yana da dalilin da ya wuce neman na goro idan ya ga mota ba ya iya ganin cikinta, kuma ba hikima ba ce a tunkare shi da gilashin da zai sa ya ɗora yatsa a kunama kafin a gaisa.

Sha'awar baƙin gilashi a nan tana da tushe. Garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Yaran da suka tashi suna kallon jerin gwanon motoci masu baƙin gilashi sun girma suna ganin duhun a matsayin alamar an isa. Akwai kuma dalilai masu nauyi: magidancin da ba ya son a riƙa leƙen iyalinsa, da ɗan kasuwar da ke gudun idon masu kai rahoto daji. Sai dai a hanyar da yawancin motoci farare ne, mota mai baƙin gilashi ita ce ke fara jan ido, tana sanar da cewa akwai abin ɓoyewa a ciki.

Ga kuma magariba. Leda mai lamba 5 ko 15 a ƙofofin gaba tana makantar da direba daga madubin gefe da zarar rana ta faɗi, a hanyoyin da babu fitila, babura marasa wuta suna fitowa daga gona, amalanken shanu na komawa gida, hanyoyin cikin aikin noman rani na Bakolori kuma suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da magudanan ruwa. Idan aka haɗa wannan da batun doka, zaɓin da ya fi dacewa da yankin shi ne leda mai lamba 70, ko kusa da haka, marar ƙarfe. Daga waje ana ganin fuskar kowa, UV ya tsaya, zafin da ke dukan hannu ya ragu. Wanda ba shi da kuɗinta, gara ya bar gilashinsa yadda yake ya sayi faifai mai sheƙi na rufe gilashin gaba idan an ajiye mota, tunda ta nan mafi yawan rana ke shiga.

Ƙura, ruwa da janareta

Ko leda ta fi kowace tsada, mannawa ce ke yanke hukunci, kuma babban abokin gabar mannawa shi ne ƙura. Ƙwayar yashi ɗaya da ta shiga tsakanin gam da gilashi ta zauna ke nan, za ta bar farin ɗigo da zoben iska kewaye da ita har ranar da za a ɓare ledar. Saboda haka aikin da aka yi a gindin bishiya a bakin titi, tirela na wucewa tana tayar da ƙasa, an riga an san ƙarshensa. Wurin aiki ya zama rufaffe, a kashe fanka, a yayyafa ruwa a ƙasa. Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci wahala: bayan ƙurar da ke yawo, bushewar iska tana sa ledar ta ɗauki wutar da ke sa tufafi ƙara, sai ta riƙa janyo ƙura da kanta da zarar an ɓare takardar bayanta. Maganinsa shi ne a riƙa fesa ruwa a kan gam ɗin tun ana cikin ɓarewa. Safiyar damina bayan an sha ruwa da dare ita ce mafi kyawun lokaci, ko da yake bushewa za ta ɗan ja kwanaki.

Ruwan da za a fesa shi ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da gishiri da ke barin farin tabo idan ya bushe, na rafi kuma yana da laka. Ruwan leda mai tsabta ya wadatar, a ɗiga masa 'yan ɗigo na sabulun wankan jarirai mai ruwa a kowace lita. Aikin sabulun shi ne ya ba ledar santsi a iya gyara mata zama kafin gam ya kama. Garin omo ba ya narkewa duka, kuma yana barin dauɗa a ƙarƙashi.

Wurin da masu gaggawa suke tsallakewa shi ne robar bakin gilashi, wadda gilashin ke shiga yana fita ta cikinta. A motar da ta yi shekaru tana bin hanyoyin ƙasa, wannan robar cike take da yashi. Ana gama wanke gilashi, ana ɗora leda, ruwa ya gangara ya taɓa robar ya dawo da yashin ƙarƙashin leda. Mai aiki na gari zai wanke ta sosai, ya lulluɓe ta da salatif ko ya cire murfin ƙofar gaba ɗaya, ya kuma rufe maɓallan gilashi da lasifika don kada ruwa ya shiga waya.

A waje ake auna leda a yanka ta, a ciki ake manna ta. Wuƙar yanka ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, domin reza ta yau da kullum tana iya zana layi a gilashi. A manyan birane akwai shagunan da kwamfuta ke yanka musu daidai samfurin mota, wuƙa ba ta taɓa gilashi. Bayan an ɗora, ana matse ruwan da faffaɗar roba daga tsakiya zuwa gefe, layi na hawa kan layi, a bar ɗan siririn fili a saman gilashin ƙofa don kada roba ta riƙa tura bakin ledar.

Gilashin baya shi ne jarrabawar mai aiki. Yana da lanƙwasa ta ɓangare biyu, leda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, don haka idan aka ɗora ta sai ta tashi kamar yatsu a sama da ƙasa. Ana kwantar da yatsun ne da na'urar busa iska mai zafi, a waje, har ledar ta tsuke ta ɗauki siffar gilashin. Na'urar tana cin wat 1,500 zuwa 2,000, ƙaramin janareta na shago ba ya ɗaukar ta. Shi ya sa wasu ke yanka ledar gida uku ko huɗu su jera, wasu kuma su danne yatsun da ƙarfi su bar karaya da ba ta gyaruwa. Kafin a biya kuɗi, ya dace mai mota ya tambaya ko gilashin baya a faifai ɗaya za a yi shi, ya kuma nemi ganin motar da aka yi wa aiki watanni shida da suka wuce. Aikin jiya kowanne kyau gare shi.

Bayan an manna

Kwana uku zuwa biyar na farko kada a sauke gilashi. A motar gida mai yara ko motar haya, faɗa da baki ba ya isa, a danna makullin gilashi na wajen direba, ko a manna salatif a kan maɓallan. A kwanakin nan za a ga hazo da 'yan ƙananan tafkunan ruwa a ƙarƙashin leda. Wannan ba lahani ba ne, ruwan yana fita ta jikin ledar a hankali, kuma a nan zafin bazara yana taimakawa, ajiye mota a rana yana gaggauta shi. A damina ko sanyi yakan kai makonni. Kada a huda da allura, kada a danna da farce. Abin da bai tafi ba bayan wata guda, musamman farin ɗigo mai tauri a tsakiya ko layin karaya, laifin aiki ne, a koma wa mai shi.

Wajen goge-goge, ledar a ciki take, don haka wankin waje ba ya taɓa ta. Cikin ne ke buƙatar sa ido. Yaran wankin mota sukan goge gilashi da tsumman da suka gama goge taya da dashbod, ƙurar hunturu kuma yashi ce mai kaifi, gogarta a bushe kamar gogar takardar yashi ce. A fara fesa ruwa, a goge da tsumma mai laushi irin na goge fuskar waya, wanda aka ware don wannan aikin kaɗai. Ruwan goge gilashi mai amoniya, wanda warinsa ke hawa kai, yana cin shafin saman leda a hankali, don haka a karanta jikin kwalba. Idan aka fara ganin dogayen layuka daga sama zuwa ƙasa, yashi ne ya sake taruwa a robar bakin gilashi, a wanke ta kafin ta gama da ledar.

Sauran ɓarnar daga ƙananan abubuwa take zuwa: ƙarfen bel da aka saki ya daki gilashi, zobe da agogo, bakin kwano ko ƙarfen injin ban ruwa da aka tura a kujerar baya, da mariƙin waya mai tsotso ko sitika da aka manna a kan leda, waɗanda ke tasowa da ita ranar da aka cire su.

Idan leda ta mutu, ko mai mota ya yanke shawarar rabuwa da baƙar da yake da ita kafin a tilasta masa a shinge, rana ce za ta yi masa rabin aikin. A jiƙa cikin gilashin da ruwan sabulu, a lulluɓe da baƙar leda ta shara ciki da waje, a bar motar a rana kamar awa ɗaya. Zafi zai tausasa gam ɗin, sai a kama kusurwa a ja a hankali, ledar ta fito da gam ɗinta tare. Fizgewa a bushe, irin wadda ake yi a bakin hanya cikin fushi, fatar sama kawai take cirewa ta bar gam yana kama ƙura. A gilashin ƙofa ana iya kankare ragowar da sabuwar reza da ruwa. A gilashin baya kuwa reza ba ta da wuri. Siraran layukan da ke kwance a jikinsa wayoyi ne da aka buga a saman gilashi, su ke kore raɓa da safiyar sanyi da lokacin ruwa, kuma a motoci da yawa irin su Camry da Accord eriyar rediyo ma a nan take. Kankara ɗaya ta isa ta yanke layi, gyaransa kuwa sai da wani fenti na musamman mai ɗaukar wuta, ko a sauya gilashin baki ɗaya.